Gwangwanin Etelka

A Szeged, bakin kogin Tisza,
inda rana ke tashi daga aiki tun ƙarfe huɗu,
na shekara uku ina auna farin gari
da cokalin da bai kai farcen jariri ba.
Hannuna ya koyi tsoron ma'auni.

Da safe lacca da Turanci,
sunan magani kuma da Latin,
mai ciwo in ya zo, da yaren Hangari zai yi kuka.
Harsuna uku a baki ɗaya,
nawa na huɗu na ninke shi a ƙasan akwati
tare da rigunan rani.

Thuy, 'yar Biyetnam, abokiyar teburina,
ta ce sunayen ƙwayoyi sun fi taliyar gidansu tsawo.
A taragon lantarki muke hadda,
tana faɗin suna, ina faɗin illa,
har tasharmu ta wuce, babu wanda ya sani.

Farfesa Dobozi ba ya tsawa.
Yakan ɗaga ɗan turmin tangaran ya ce,
guba da waraka ɗaki ɗaya suke kwana,
awo ne kaɗai ke raba musu shimfiɗa.
Sau biyu ya kayar da ni a kan ɗigo guda,
ɗigon da na manta, rabin giram ya koma biyar.
Na ƙi shi, irin ƙin da yaro ke wa maɗacin magani.

Sai aka tura ni koyon aiki
kantin Gizella, bayan kasuwar barkono.
Farar riga, da suna a ƙirji
wanda kowa ke kallo, ba mai furtawa.
Wata tsohuwa, Etelka, kan zo duk Talata,
in layi ya kawo ta tagata sai ta ja da baya,
ta gwammace ta jira wani.

Ran da dusar ƙanƙara ta toshe titi,
Gizella na kan waya, ba kowa sai ni,
tsohuwar ta dafa tebur, ta ce jiri take ji,
ta turo gwangwanin biskit ba ta dube ni ba.
Ƙwayoyi ne ciki, a cakuɗe,
fari, ruwan hoda, mai tsaga a tsakiya.
Ita tana gane su ne da launi.

Na baje su kan takarda ina warewa
yadda kakata ke tsince tsakuwa a faifai.
Sai ga biyu, siffa daban, suna daban,
ɗaya daga asibiti, ɗaya daga likitan unguwa,
ashe Ɗanjuma ne da Ɗanjummai,
dukansu na saukar da hawan jini.
Wata biyu tana shan ninki,
tana ɗora wa tsufa laifin rauni.

Kalmomin Hangari suka watse suka bar ni.
Na ɗaga ƙwaya biyu, na haɗa, na girgiza kai,
na zana rana, na zana ƙwaya ɗaya a ƙarƙashinta,
na ce "egy", ɗaya, kalmar da na fara koya.
Gizella ta leƙo, ta yi shiru, ta kira likita.
Gumi ya jiƙa mini baya cikin wannan sanyi,
na tuna Dobozi da ɗigonsa ƙanƙani.

Talata ta zagayo, layi har ƙofa.
Etelka ta wuce taga biyu, ta tsaya a tawa,
ta ajiye kwalbar dakakken barkono,
ta gwada sunana, ta karya shi gida uku.
Na amsa.

Da dare na barbaɗa a miyar da ba daddawa.
Ja wur, amma ko yaji babu, har zaƙi gare shi.
Thuy ta yi dariya har ta ƙware.
Na ƙara cokali guda, ban auna ba,
na buɗe littafi, jibi akwai jarrabawa,
ƙanƙara na sauka a hankali bisa gini.